Valluvar Kottam ko Kanyakumari: ina ya fi dacewa a ziyarci Tiruvalluvar?

Duk wanda ya kwana biyu a Chennai, babban birnin jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya, ko don fatauci ko don rakiyar marar lafiya, zai riƙa cin karo da hoton wani dattijo mai gemu, gashinsa a ɗaure a tsakar ka, ga alƙalami da ganyen rubutu a hannu. Shi ne Tiruvalluvar, mawaƙin da ya tsara Tirukkural, littafi mai baiti 1,330 da aka kasa babi 133, kowane babi baiti goma, kowane baiti kuma kalma bakwai kacal, huɗu a layin farko uku a na biyu. Hatta a cikin motocin bas na gwamnati ana rubuta baitocinsa. Wuraren tunawa da shi suna da yawa, amma biyu ne baƙo yake auna kuɗinsa da lokacinsa a kansu, wato Valluvar Kottam da ke cikin Chennai, da kuma mutum-mutumin da ke Kanyakumari.

Valluvar Kottam yana unguwar Nungambakkam, a kan filin da a da tafki ne, kuma an buɗe shi a 1976, bisa ƙudurin M. Karunanidhi, wanda ya daɗe yana shugabantar gwamnatin jihar. Abin da ido yake fara kamawa shi ne keken dutse, wato karusa, mai tsayin mita 39, wanda aka sassaƙa da siffar shahararren keken bikin garin Tiruvarur, ga giwaye biyu na dutse a gabansa tamkar su ne suke jansa, mawaƙin kuma yana zaune a ciki. Kusa da shi akwai babban zauren taro. Sai dai a ganina darajar wurin ba ta cikin keken ko zauren, tana cikin barandar da aka zana baitocin nan 1,330 gaba ɗaya a jikin dutse, ta yadda mutum zai bi littafin da ƙafa tun daga babin farko har na ƙarshe, ya tsaya inda ya ga dama, ya kai hannu ya shafa harufan Tamil masu lanƙwasa da aka huda a dutsen. Kuɗin shiga ƙalilan ne, awa biyu sun wadatar, kuma ga mai jinya a manyan asibitocin da ke kewayen titin Greams, tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita sahu, muddin an yi ciniki kafin a hau ko an kira ta manhajar waya.

Kanyakumari lissafinta daban ne. Garin yana can ƙarshen Indiya ta kudu, kimanin kilomita 700 daga Chennai, wanda yake nufin dare guda cur a jirgin ƙasa daga tashar Egmore, ko kuma jirgin sama zuwa Tiruvananthapuram, babban birnin jihar Kerala, sannan mota ta kusan kilomita 90. A nan mutum-mutumin mawaƙin yake tsaye a kan wani tsibirin dutse, inda tekun Larabawa da na Bengal suke haɗuwa da tekun Indiya. An ƙaddamar da shi ranar 1 ga Janairu 2000, kuma wanda ya tsara shi, V. Ganapati Sthapati, shi ne dai ya tsara Valluvar Kottam. Tsayinsa ƙafa 133 ne, daidai da yawan babukan littafin: gindin yana da ƙafa 38, adadin babukan da suka yi magana a kan kyawawan halaye, gangar jikin kuma ƙafa 95, wato babi 70 na dukiya da mulki da babi 25 na soyayya. Manufar ita ce dukiya da soyayya su tsayu a kan ɗabi'a ta gari, kuma samun irin wannan tunani a cikin awon gini abu ne da ya cancanci yabo. Ana isa wurin ne da jirgin ruwa, kuma tun ƙarshen Disamba 2024 akwai gadar gilashi da ta haɗa shi da dutsen Vivekananda da ke maƙwabtaka da shi, wurin tunawa da wani malamin addinin Hindu. Amma mai niyya ya san cewa a lokacin hutu layin jirgin ruwan yakan yi tsawo ƙwarai, idan teku ta yi fushi kuma akan dakatar da jigila, don haka wanda ya ware wa tafiyar yini ɗaya tak yana iya komawa da hoto daga gaɓa kawai.

Idan aka ɗora su a sikeli, Kanyakumari ta fi ban sha'awa ga ido, musamman da fitowar rana, amma tana cin kwana biyu zuwa uku da kuɗin masauki, kuma abin da take nunawa girman mawaƙin ne a zukatan mutanensa. Valluvar Kottam kuwa maganarsa yake nunawa, ita ce kuma dalilin da ya sa aka girmama shi tun farko. Saboda haka shawarata ga mai ƙarancin lokaci, ko wanda ba zai iya yin nisa da majinyacinsa ba, ita ce ya zaɓi na Chennai ba tare da jin ya yi asara ba, ya bar Kanyakumari sai in dama yana da hanya ta jihar Kerala. Akwai kuma wurin da ke unguwar Mylapore a Chennai, inda al'ada ta ce a nan aka haife shi, sai dai wannan ɗakin bauta ne na mabiya addinin Hindu, ba wurin yawon buɗe ido ba, kuma ya kamata baƙo ya san haka kafin ya nufe shi.

Sayayya ɗaya ce nake ganin ta zama dole kafin a je, ita ce fassarar littafin, domin rubutun da ke jikin dutsen na Tamil ne, wanda bai iya harshen ba kuwa zai yi ta kallon zane ne kawai. Fassarar Turanci ta G. U. Pope, wadda ta fito a 1886, ta yi suna, amma Turancinta tsoho ne mai nauyi, ya fi dacewa da ɗalibin ilimi. Ga mai ziyara, ƙaramin bugu na aljihu mai ɗauke da Tamil da fassara gefe da gefe, wanda aka sa wa kowane baiti lambarsa, shi ya fi amfani, tunda da lambar ce za a gane baitin da ake tsaye a gabansa. Ana iya neman irinsa a kantin littattafai na Higginbothams da ke titin Anna Salai. Game da lokaci kuma, watannin Janairu da Fabrairu sun fi sauƙi, domin daga Oktoba zuwa Disamba damina ce mai ƙarfi a Chennai, a watan Mayu kuwa dutsen yakan ɗauki zafin da ba a iya tsayawa a kansa da tsakar rana, sai dai a je da safe ko bayan la'asar.