Kafin ka saki kaya: wace hanyar tantance lambar waya ta dace da ɗan kasuwar ƙauye?

Dillalin shanu a Maigatari ranar Alhamis da mai POS a Wudil ranar Juma'a matsalarsu ɗaya: baƙuwar lamba ta kira, ko alat ya shigo, sabis kuma yana rawa. Hanyoyin tantance lamba suna da yawa, amma kowace da abin da take iya kamawa.

Mafi yawan mutane Truecaller suke fara saukewa. Manhaja ce ta wani kamfanin Suwidin, akwai ta kyauta mai talla, akwai ta biyan kuɗi. Tana buƙatar babbar waya da data. Amfaninta na gaskiya shi ne jan gargaɗin da take nunawa idan mutane da yawa sun kai ƙarar lamba. Sunan da take kawowa kuwa ba daga rajistar gwamnati yake ba, abin da masu amfani da ita suka raɗa wa lambar ne, kuma mai layin yana iya sa wa kansa sunan da ya ga dama. Don haka ɗan damfara zai iya bayyana da sunan ma'aikacin banki. Sabon layin da aka saya jiya ma ba shi da tarihin da za ta nuna. Ga ɗan kasuwa, ta kyautar ta wadatar, kuɗin ɗayar ka zuba su a data.

Hanyar da ta fi ta ƙarfi ba a biyan ko sisi. A OPay da PalmPay, lambar asusun mutum yawanci lambar wayarsa ce idan an cire sifirin farko. Ka shiga manhajar bankinka kamar za ka yi taransifa, ka rubuta lambobi goman, ka zaɓi kamfanin, sunan mai asusun zai fito. Kada ka tura komai, ka karanta kawai. Idan wanda ke ciniki da kai ya ce sunansa kaza, allon kuma ya nuna wani suna daban, ka nemi bayani kafin a ɗora buhun riɗi a mota. A ƙauye ana yawan amfani da asusun ɗa ko ƙane, saboda haka bambancin suna ba hujjar sata ba ce, dalilin kiran wanda ya san shi ne. Inda wannan hanya take kasawa: mai lambar ba shi da irin wannan asusu, ko an buɗe shi da bayanan wani.

Kada ka dogara da farkon lamba. Tun 2013 ake iya sauya kamfanin waya da lamba ɗaya, don haka 0803 ba lallai MTN ba ce yanzu. Haɗa layi da NIN, wanda aka fara a Disamba 2020, ya sauƙaƙa wa jami'an tsaro bin sawu, amma kai ba ka da hanyar duba rajistar layin wani. Duk wanda ya ce ka biya shi ya ciro maka ita, ka guje shi.

Alat na bogi kuma babu manhajar tantance lamba da ke maganinsa, domin ana iya sa saƙo ya fito da sunan banki. Maganinsa duba ragowar kuɗinka da kanka, ta manhaja ko ta lambar USSD (lambar bankinka da ake dannawa da * da #), wadda ake cajin Naira 6.98 a kanta. Hoton rasit a wayar mai saye ba kuɗi ba ne.

Wurin da ya cancanci kashe kuɗi shi ne naka layin. Ka ware layi ɗaya don banki kaɗai, a ƙaramar waya mai maɓalli, ba wanda kake bayarwa a kasuwa ba. Ka sa masa PIN na SIM daga saitin wayar, ta yadda ɓarawo ba zai cire shi ya sa a wata waya ya karɓi OTP, wato lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙo, ba. Kuskure sau 3 yana kulle layin sai da PUK, lambar buɗe shi wadda take jikin katin da aka ɓalle SIM ɗin, kuskuren PUK sau 10 kuma yana kashe shi gaba ɗaya, to ka adana katin. Ka riƙa sa masa kati kana kira lokaci-lokaci, domin layin da ya daɗe a ajiye kamfani yana sake sayar wa wani, alat ɗinka ya koma hannun baƙo.

Idan sabis ɗinka ya ɗauke alhali na maƙwabta masu irin layinka yana aiki, ka yi zargin an yi wa layin welkam bak a bayan idonka, wato wani ya karɓi sabon SIM da lambarka. Ka ari waya, ka fara rufe asusun banki, sannan ka kira kamfanin layin a 300. In ba su share maka hawaye ba, lambar ƙorafi ta hukumar sadarwa ta NCC ita ce 622, kyauta. Lambar rufe asusu ta bankinka ka tambaye ta tun yau, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida.