Casa de Ferro a Maputo: gidan ƙarfen da gwamna ya kasa zama a ciki

Duk wanda ya nufi Casa de Ferro yana sa ran babban gidan tarihi cike da kayan kallo, zai fito yana ƙorafi. Gini ne madaidaici mai hawa uku a kan titin Samora Machel, a tsakiyar Maputo, babban birnin Mozambik, dab da lambun Tunduru. Rabin sa'a ta ishe ka. Jikin ginin ne abin kallon, kuma sai ka matsa kusa sannan za ka gane darajarsa.

Sunan da harshen Fotugal ne, ma'anarsa gidan ƙarfe. A Beljiyam aka ƙera sassansa, aka yo jigilarsu ta jirgin ruwa, aka harhaɗa su a 1892, lokacin ana kiran garin Lourenço Marques a ƙarƙashin Turawan Fotugal. Don gwamna aka tanade shi, amma an ce zafin da ke ciki ne ya hana shi tarewa.

Masu yi wa baƙi jagora za su ce maka aikin Gustave Eiffel ne, mai hasumiyar nan ta Paris. Ka saurara kawai, kada ka ɗauka. Salon ƙirar na Joseph Danly ne, wani injiniya ɗan Beljiyam, wanda ake samun gine-gine irin nasa har a Barazil da Meziko da Kosta Rika. Ita ma tashar jirgin ƙasa ta Maputo haka ake jingina wa Eiffel ita. Da alama duk ƙarfen da ya tsufa, sunansa ake fara kamawa.

Ka fara da bango. Faranti-farantin ƙarfe ne marasa kauri, an danne kowanne da inji har zane ya fito a fuskarsa. Zanen ba ado ba ne kawai: lanƙwasar ce ke ba siririn ƙarfe ƙarfi don kada ya lotsa. Ka ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, za ka ji amon abin da ba komai a cikinsa, domin bangon ninki biyu ne, ɗaya a waje ɗaya a ciki, da rata a tsakani. Dabarar ita ce iska ta shiga ratar ta ƙasa, in ta ɗumama ta hau sama ta fice, ta tafi da zafin. A takarda hikima ce. A Maputo kuwa, inda rana ke dukan ƙarfe tun hantsi daga Oktoba zuwa Maris, ga damshin teku, iskar da ke shiga ratar ita ma da ɗuminta take zuwa. Ƙarfe kuma ba ya riƙe sanyin dare kamar bangon ƙasa ko na dutse. Da rana ta taɓa shi ya ɗauka, nan take ya miƙa wa na ciki.

Sai ka bi mahaɗan da ido. Da noti da kusoshi aka ɗaure farantan, shi ya sa a 1966 aka iya kwance gidan daga inda aka fara kafa shi, aka dawo da shi nan aka sake ɗaurewa. A mahaɗan nan kuma, da gindin ginshiƙan baranda, da duk lungun da ruwan sama ke kwanciya, tsatsa take fara ci, saboda gishirin da iskar teku ke ɗauko wa. Inda ka ga fenti ya kumbura, tsatsa ce ke turo shi daga ƙasa. Gini irin wannan fenti ne ransa.

Raunin wurin a fili yake. Ginin yana hannun hukumomin al'adu ana aiki a ciki, ba a tsara shi don masu yawon buɗe ido ba, don haka kada ka dogara da samun mai yi maka cikakken bayani. Ka je ranar aiki da safe, ka yi gaisuwa a ƙofa, ka nemi izini kafin ka shiga ko ka ɗauki hoto a ciki. "Bom dia" kawai, wato barka da safiya, tana sauƙaƙa abubuwa. Hoton waje ya fi kyau daga tsallaken titi, inda hawa ukun da barandunsu ke shiga gaba ɗaya. Watannin Mayu zuwa Agusta sun fi sanyi da daɗin tafiya a ƙasa. Ka riƙe fasfonka a jiki, domin 'yan sanda kan tambayi baƙi takardunsu. In za ka hau txopela, keken nan mai ƙafa uku, ku daidaita kuɗi tun kafin ka zauna, ka kuma tanadi canjin metikal, kuɗin ƙasar.

Bai kai a yi tattaki dominsa shi kaɗai ba, amma maƙwabtansa suna cike giɓin. Lambun Tunduru, wanda aka tsara a 1885, yana nan gefe da inuwar manyan itatuwa. Ka haura titin kaɗan ka isa Dandalin 'Yancin Kai, inda mutum-mutumin Samora Machel, shugaban Mozambik na farko, yake, ga farin babban cocin Katolika na 1944 da ginin majalisar birni. Daga nan ka gangara tashar jirgin ƙasa, tafiyar kamar minti ashirin a ƙafa.