Stata ko EViews? Ni dai Stata zan ce ka ɗauka

Ƙanena, kan tambayarka ta wace manhajar nazarin alƙaluma za ka yi amfani da ita, Stata ko EViews, don maƙalar da za ka tura mujallar manufofin tattalin arziki, Stata za ka ɗauka, kuma ba sai ka yi dogon tunani ba.

Ranar da za ka gane amfaninsa ita ce ranar da maƙalar ta dawo daga hannun masu bita. Akwai wata maƙala da na taɓa yi kan manoman Arewa maso Yamma da samun bashi, da alƙaluman binciken gidaje na GHS-Panel da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi tare da Bankin Duniya tun zagayen farko na 2010/11, gidaje wajen 5,000. Na tura, shiru, har na cire rai. Sai bayan wata takwas edita ya dawo min da ita. Mai bita na biyu ya ce in saka nauyin samfur, wato adadin gidajen da kowane gida a binciken ke wakilta, in cire gidajen da suka ɓace tsakanin zagaye biyu, sannan in sake duk jadawalan sakamakon. A lokacin wallahi na manta yadda na haɗa rabin abubuwan. Allah ya taimake ni, komai na rubuce a cikin do-file, wato fayil ɗin da kake jera umarninka layi-layi tun daga buɗe alƙaluma har fitar da jadawali. Na zauna bayan isha'i a gidana da ke Ɗorayi, na ƙara layin svyset, umarnin da ke saka nauyin samfur, na gyara wasu layuka uku, na danna sau ɗaya. Kafin shayin da aka kawo min ya huce, esttab, umarnin fitar da jadawali, ya fito min da jadawali shida a shirye. Washegari na rubuta wa edita amsa ɗaya bayan ɗaya. Har yau idan na tuna daren nan sai na ji daɗi a raina.

Kuma ka lura da inda manyan mujallu suka dosa. Ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka, AEA, tun 2019 take neman marubuci ya miƙa alƙaluma da umarnin lissafinsa, editan alƙaluma ya duba ko sakamakon na fitowa kafin a buga. Wasu mujallu da dama sun bi sahu. Wanda ya saba da do-file, wannan ba zai tayar masa da hankali ba.

EViews kuwa, ba laifi. Idan alƙaluman shekara-shekara na Babban Bankin Najeriya kaɗai gare ka, kana son gwajin ARDL na Pesaran da Shin da Smith na 2001, mai duba alaƙar dogon lokaci tsakanin alƙaluma, zai yi maka cikin sauri. Shi ma ana iya rubuta masa umarni, sai dai yawancinmu danne-danne muke yi, bayan wata biyu mu kasa tuna me muka danna. Kuma ARDL ɗin ma akwai shi a Stata.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa. Ka yi hattara da masu saka manhaja a shagunan kwamfuta da ke cewa "orijinal ce, Malam". Na taɓa biyan wani ya saka min, ya rantse min lasisi ne na gaskiya. Ashe satacce ne, ya zo da ƙwayar cuta, ta cinye min aikin babi guda. Na koma shagon, ya ce bai san ni ba. Kuɗin bai dame ni ba kamar sati ukun da na yi ina sake tsaftace alƙaluma. Ka saya daga kamfanin ko dilansa na hukuma. Akwai lasisin ɗalibai mai rahusa na wata shida, kuma ƙaramin nau'in, Stata/BE, yana ɗaukar canzaje, wato ginshiƙan alƙaluma, har 2,048, ya ishe ka har ya yi yawa. Ka fara tambaya a sashenku ko akwai lasisi a ɗakin kwamfuta. Idan aljihu ya ƙi gaba ɗaya, manhajar R kyauta ce kuma halal, sai dai za ta ci maka lokaci kafin hannunka ya faɗa.

'Yan uwan masu saka satacciyar manhaja su ne masu turo saƙo a WhatsApp cewa za su buga maka a mujallar da ke cikin Scopus, rumbun da ke jera mujallun ilimi da aka tantance, cikin sati biyu idan ka tura kuɗi. Bita ta gaskiya ba ta ƙarewa a sati biyu. Ka shiga jerin mujallun Scopus da kanka ka nemi sunan mujallar da lambar shaidarta ta ISSN, ka tabbatar ba a cire ta ba, domin kwamitin ƙarin girma zai duba ko da kai ba ka duba ba.

Kafin ka tura, ka karanta ƙa'idojin mujallar, ka saka lambobin JEL masu nuna fannin da maƙalar ta shafa, ka cire sunanka daga fayil ɗin da masu bita za su gani. Idan ka samu lasisin, ka same ni a sabuwar jami'a ranar Talata bayan azahar da kwamfutarka, mu rubuta do-file ɗinka na farko tare.