Manhajar Godot a Hannun Matasan Katsina

Godot manhaja ce ta haɗa wasannin kwamfuta da na waya, wadda 'yan ƙasar Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka fara ginawa, aka kuma sake ta ga jama'a kyauta a shekarar 2014. Da ita nake koyar da wasu matasa a nan birnin Katsina, kuma a ganina babu wadda ta fi ta dacewa da halin da muke ciki.

Ba a biyan ko sisi kafin a sauke ta, kuma idan mutum ya sayar da wasan da ya haɗa, babu kamfanin da zai nemi kaso. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin a 2023 kamfanin Unity, mai wata manhajar haɗa wasanni irin wannan, ya sanar da cewa zai riƙa karɓar kuɗi bisa yawan sauke wasa, bai soke tsarin gaba ɗaya ba sai a 2024, bayan masu sana'ar sun yi ca a kansa. Ga Godot kuma ba nauyi, tana aiki a tsohuwar kwamfuta ba tare da intanet ba.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne irin wasannin da ta ba yaranmu damar yi. Iyaye da yawa suna kallon wasan waya a matsayin shiririta, ban kuma ga laifinsu ba, tunda akasarin abin da ke hannun 'ya'yansu harbe-harbe ne da ba su da alaƙa da rayuwarmu. Sai dai a 2014 al'ummar Inupiat ta Alaska a Amurka ta haɗa kai da masana aka fitar da Never Alone, wasan da aka gina a kan labarin gargajiyarsu, muryoyin dattawansu na ciki. Mu da muke da rijiyar Kusugu a Daura da hasumiyar Gobarau a Katsina, me muka rasa? Ɗalibaina sun fara da dara, kuma kafin su rubuta layi ɗaya na umarnin kwamfuta sai da suka zauna wurin dattawan unguwa suka koyi ƙa'idojinta. Wannan zama, a wurina, ya fi wasan da suka haɗa daraja. Yanzu wata ɗaliba tana gina wasan dashen itatuwa, inda gona ke rasa amfani idan aka sare bishiyoyinta.

Manhajar tana da nata cikas. Harshen rubuta umarninta, GDScript, yana da sauƙin koyo, amma littafin bayaninta da akasarin darussanta da Turanci suke, abin da ke sare gwiwar wasu yara masu basira. Haka kuma tun da Godot 4 ta fito a 2023, darussan tsohon samfuri da ke YouTube suna rikita sabon shiga, saboda an sauya sunayen umarni da dama. Mayar da wasa daga kwamfuta zuwa wayar Android ma yana buƙatar sauke ƙarin kayan aiki masu cin data.

Duk malamin da zai fara da ita, ina ba shi shawarar ya sauke komai a wuri ɗaya ya raba wa ɗalibai a filash, ya kuma tabbatar darasin da suke bi na samfuri na 4 ne.