Digirin Nazarin Laifuka da Tsaro: Ra'ayin Gandiroban da Ya Yi Karatun

Idan aka tambaye ni ko digirin nazarin laifuka da harkokin tsaro ya ci kuɗinsa, sai in ce ya ci, amma ba ta inda masu tallarsa suke nunawa ba. Na yi shi a tsarin karatun ƙarshen mako a wata jami'ar gwamnati a Arewa, ina riƙe da difloma, ina kuma aikin gandiroba.

Kwasa-kwasan doka su ne suka fanshe kuɗina. A da idan aka kawo mutum daga kotu, suna da hatimi kawai nake dubawa a takardar tsarewa, in shigar da shi rajista. Yanzu ranar komawa kotu nake fara nema. A aji na san cewa sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin awa 24 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14. Malamin da ya koyar da mu wannan tsohon majistare ne. Yakan zo da kwafin tsofaffin takardun kotu da ya shafe sunayen ciki da baƙin alƙalami, ya raba mana, ya ce, "Ku nemo min inda aka zalunci wannan bawan Allah." Wani lokaci kwanan wata ne aka bari babu komai, shi ke nan mutum ya shekara a ciki. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, don haka wannan darasin ba na cin jarrabawa ba ne kawai.

Haka nan dokar 2019 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda ta mayar da hukumar gidajen yari hukumar gyaran hali. Mu da ke cikin kaki mun ga canjin suna a allon ƙofa, amma a aji na karanta cikinta. Ta raba aikin gida biyu, ɓangaren tsarewa da ɓangaren hukuncin da ba ɗauri, irin su aikin gayya ga al'umma, sakin talala da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Ta ba kwanturolan jiha, wato shugaban hukumar a jiha, ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika ya batse, bayan ya sanar da babban jojin jiha da sauran hukumomi. Ta kuma ba babban jojin damar mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai-da-rai idan an gama ɗaukaka ƙara, shekara 10 ta wuce ba a zartar ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne darussan dalilan aikata laifi. Zango guda muka kwashe a kan unguwannin birnin Cikago na Amurka a shekarun 1920, amma daba, sara-suka, ƙwacen waya, shan kodin da fashin daji sai a minti goman ƙarshe na lakca ake taɓa su. Ba na cewa ra'ayoyin masanan ƙasashen waje ba su da amfani, sai dai yaran da nake kulle wa ƙofa da yamma ba daga can suka zo ba. Wani hanaut, wato takardun darasi, da aka sayar mana ma yana magana ne a kan tsohuwar dokar gidajen yari ta 1972 kamar ita ke aiki. Littattafan kuma galibi dokar laifuka ta Kudu suke bi, alhali Arewa tana da tata tun 1960, ga dokokin shari'ar Musulunci da jihohi 12 suka kafa daga 2000, Zamfara a gaba.

Aikin gani da ido bai taka kara ya karya ba. An kai mu ziyara a bas, aka nuna wa ɗalibai ɗakin tela da na kafinta, aka ɗauki hoto a waje, aka dawo. Babu wanda aka koya wa yadda ake ƙidayar fursunoni lokacin kulle, ko yadda ake lallashin ɗaki mai mutum da yawa idan abinci ya makara. Kwas ɗin ƙididdiga ya ba ni wuya, amma da shi na rubuta furojet ɗina a kan masu komawa gidan yari bayan saki.

Ga matasan da ke ganin digirin nan takardar ɗaukar aiki ce, ku sani hukumar da ke ɗaukar jami'an sibil difens, gyaran hali, kashe gobara da shige-da-fice tana karɓar digiri a fannoni da dama. Mai digirin tarihi da kai duk a matakin albashi na 8 za ku fara, kuma sai kun je makarantar horo, irin ta Kaduna, kun sha fareti. Kafin ka biya kuɗin rajista, tambayi 'yan ajin ƙarshe wa ke koyar da doka, kuma ko ana tura ɗalibai kotu da gidan gyaran hali su zauna na makonni.