Wata shida da injin faifai a falona: abin da kunnena ya ji tsakaninsa da waya da CD

Tun rasuwar Baba (Allah ya jiƙansa) akwai wani akwatin ƙarfe a ɗakin Hajiya da ba mai taɓawa, cike yake da faifan garmaho, nayi ƙidaya sun kai 60 da ɗoriya, yawanci bugun Legas na kamfanonin EMI da Decca, akwai manya masu juyi 33 a minti ɗaya akwai ƙanana masu 45. Shekara da shekaru ba injin da za'a saka su. To da azumin bara ya wuce sai na daure na sa wani abokina da zai dawo daga Ingila ya taho min da injin faifai ƙirar Audio-Technica AT-LP120XUSB, kuma yanzu wata shida kenan ina amfani dashi kusan kullum bayan isha'i, shi yasa naga ya kamata in faɗi abin da na gani tunda mutane nata tambayata wai da gaske faifai yafi waya daɗin sauti.

Injin kansa dai gaskiya ba laifi, yana da nauyi a hannu, farantin yana juyawa daidai ba ya ja ba ya gudu, yana ɗaukar 33 da 45 har da 78. Allurar da ta zo dashi AT-VM95E ce, ana saita nauyinta a giram 2 da wani ɗan dunƙulen ƙarfe dake bayan hannun da ke riƙe allurar. Ranar farko na jona shi a AUX na amfilifayata sai naji sauti siriri kamar daga cikin gwangwani, ba ganga ba komai, har raina ya ɓaci. Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ne ya zo ya duba, yace ɗana ai makunnin nan na baya ka bari a PHONO, mayar dashi LINE. Yana turawa falon ya cika. Shi ne yayi min bayani cewa tun wajen yanka faifai ake rage ƙarfin bes a ƙara na sama, saboda in aka bar bes yadda yake ramin da allura ke bi zaiyi faɗi da yawa waƙa bazata shiga ba, to dole sai an samu wata ƴar na'ura da zata mayar da komai yadda yake lokacin saurare, tsarin RIAA ake ce masa, kuma tana cikin injin nan sai dai ka kunna ta.

Yanzu maganar gwaji. Na yi amfani da amfilifaya ɗaya, sifiku ɗaya, na daidaita ƙarar sosai domin kunne yana da wata ɗabi'a, duk wanda yafi ƙara kaɗan shi zakaji kamar yafi daɗi. Na sa ƙanina yana canza min ina zaune na juya baya.

A tsofaffin waƙoƙin Baba, wlh ko kusa ba'a haɗawa. Akwai wani faifan kalangu da nake da irin waƙar a wayata tun tuni, an turo min ta WhatsApp. A wayar kalangu da amshi duk sun cakuɗe kamar an zuba musu ruwa. A faifai kuwa zakaji lokacin da makaɗi ya matse tsirkiya a hammata sautin ya tashi sama ya sake ya sauko, zakaji ƴan amshi a gefe da numfashin da mawaƙin ke ja kafin ya ɗauki baiti. Hajiya tana tsakar gida ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu bata ce komai ba har fuskar faifan ta ƙare, sannan tace "haka nake jinta a ɗakin mahaifinku." Na daɗe ban ji abin da ya taɓa ni haka ba.

Amma da na zauna nayi tunani, wannan ba adalci bane ga dijital. Waccan ta wayar daga faifai aka kwafa zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset, sannan wani ya mayar da ita mp3 mai ƙaramin nauyi, tayi ta yawo daga waya zuwa waya. Jikanyar jikanya ce nake gwadawa da kaka.

Sai na nemo album ɗaya da nake dashi a CD na asali da kuma faifai. Nan labari ya canza. CD tun da Sony da Philips suka fito dashi a 1982 yake ɗaukar sauti sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya, tazarar dake tsakanin mafi ƙanƙantar sauti da mafi ƙarfi ta kai kusan desibel 96, faifai kuma da ƙyar yake wuce 70. Kuma kunne yana jin wannan. In waƙa tayi shiru a CD tsit kake ji, a faifai kuwa akwai wani shuuu a ƙasa da ɗan ƙas-ƙas lokaci lokaci. Bes na CD yafi tsayawa daram. Sannan abin da ba'a cika faɗa ba, waƙar ƙarshe a kowace fuska, can kusa da tsakiya, muryar tana ɗan kakkarcewa musamman wajen "s" da "sh", saboda da'irar tayi ƙanƙanta ramin dake wucewa ƙarƙashin allura a daƙiƙa ya ragu sosai. Faifan yafi taushi a kunne, wannan gaskiya ne, ina iya awa biyu ban gaji ba, amma in tsafta da cikar sauti ake magana CD ne a gaba kuma bana shakka.

Gwajin da ya rufe min baki shi ne na USB. Na jona injin da kwamfuta na ɗauki faifan kalangun nan da manhajar Audacity, na ajiye shi WAV ba tare da matsewa ba. Ƙanina ya rinƙa canzawa tsakanin faifan da kwafin, sau goma, na kasa bambancewa, shima ya zauna ya kasa. Taushin yana nan, ƙas-ƙas ɗin yana nan, numfashin mawaƙin yana nan. Kenan dijital na iya ɗauke duk abin da faifai ya bashi, abin da ke lalata mana waƙoƙi a waya shi ne inda aka samo su da yadda aka matse su, ga kuma bulutut mai arha a kai.

Wahalar faifai kuma sai wanda ya riƙe. Da hunturu ya shigo ƙura ta zama abokiyar gaba, iskar ta bushe faifan yana jan ƙura da kansa, kana gogewa tana dawowa, sai da na sayi burushi na musamman kuma ina wanke tsofaffin da tataccen ruwa in shanya su a inuwa. Zafi kuma yana lanƙwasa su, guda bakwai na tarar a akwatin sun karkace saboda an jibge su a kwance shekaru, dole a tsaye ake jera su nesa da taga. A manyan faifan kowane minti 20 ko 22 sai ka tashi ka juya. Allura tana cinyewa bayan awa ɗari uku ko makamancin haka kuma ba'a samunta a kasuwa nan kusa, sai an yo oda. In an ɗauke wuta ana tsakiyar waƙa sai kayi maza ka ɗaga hannun.

Wanda yake son sauti mai tsafta kawai ni dai shawarata ya zuba kuɗinsa a sifiku masu kyau ya nemi CD ko fayil da ba'a matse ba, zaifi cin riba. Wanda kuma yake da akwati irin namu a gida, injin nan ya cancanci kuɗinsa, na bashi huɗu da rabi cikin biyar. Zuwa yanzu na kwafe faifai 23 a kwamfuta, Yaya Babba ma ya kira daga Kaduna yace in tura masa, nace sai dai a filash in an samu mai zuwa don bazan bari a sake matse su ba.