Hiroshima ko Nagasaki: wanne ya kamata baƙo ya fara zuwa?

Malam, ka ce za ka je Osaka ta ƙasar Japan kwas, ranakun hutunka ba su da yawa, kana so ka ga ɗaya daga cikin biranen da Amurka ta jefa wa bam ɗin nukiliya a 1945, kuma kana tsoron ko har yanzu akwai tururin guba. Bari mu fara kawar da tsoron. Duka bama-baman biyu a sama suka fashe, wajen mita 500 zuwa 600 daga ƙasa, kuma tururin da ke wurin yau bai fi na kowane gari ba. Mutum sama da miliyan ɗaya ne ke zaune a Hiroshima.

Ta fuskar hanya, Hiroshima ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Daga Osaka jirgin ƙasa mai saurin gudu na Shinkansen zai kai ka cikin kusan awa ɗaya da rabi, ka je da safe ka dawo da yamma. Nagasaki kuwa tana can yammacin tsibirin Kyushu, sai ka bi ta tashar Hakata da ke birnin Fukuoka ka sake jirgi, don haka sai da kwana.

Babban bambancinsu shi ne inda bam ɗin ya faɗa. Na Hiroshima, ranar 6 ga Agusta da ƙarfe 8:15 na safe, ya fashe a tsakiyar gari, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kuma kafin ƙarshen shekarar mutum kusan 140,000 sun rasu. Unguwar da ta ƙone aka mayar da ita Dandalin Zaman Lafiya, komai a wuri guda: kangon ginin nan mai ƙubba da aka bari yadda yake, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1996, da abin tunawa da yara inda ake rataye tsuntsayen takarda saboda Sadako Sasaki, wadda sankarar jini ta kashe tana da shekara 12, sai gidan tarihin da aka buɗe a 1955. Kada ka yi gaggawa a gidan tarihin. Akwai wani ƙaramin keke mai ƙafa uku, duk ya ƙone ya yi tsatsa, na wani yaro ɗan shekara uku da bam ɗin ya kashe. Mahaifinsa ya binne shi tare da keken a bayan gida, sai bayan shekara 40 ya tono keken ya ba gidan tarihin. Duk mai ɗa ba zai wuce wurin nan da sauƙi ba.

Nagasaki ba ita aka nufa da farko ba. Ranar 9 ga Agusta jirgin saman da ya ɗauko bam ɗin ya tashi ne don garin Kokura, gajimare da hayaƙi suka rufe garin, ya juya. Da ƙarfe 11:02 bam ɗin ya fashe a kan kwarin Urakami, arewa da tsakiyar gari. Ya fi na Hiroshima ƙarfi, amma tuddai sun tare wani ɓangare na ɓarnar, mutum wajen 74,000 suka rasu a shekarar. Urakami unguwar Kiristoci ce da suka yi ƙarni biyu da rabi suna ɓoye addininsu, kuma babbar majami'arsu tana da nisan kusan mita 500 daga inda ya fashe. An rushe kangonta aka sake gina ta a 1959, wani guntun bango kawai aka kai dandalin da ke inda bam ɗin ya fashe. Shi ya sa a Nagasaki sai ka taka cikin unguwanni kana nema: ƙofar dutse ta wurin bautar Sanno da ta rage kan ƙafa ɗaya tsakanin gidajen mutane, da ɗan ɗakin da Likita Takashi Nagai ya kwanta jinya yana rubutu, da agogon bango a gidan tarihi wanda ya tsaya cak a kan 11:02. Cunkoso bai kai na Hiroshima ba, kana samun sararin tsayawa shiru. Ni dai garin Nagasaki ya fi taɓa min zuciya, kuma yana min ciwo yadda ake ambaton Nagasaki kamar ƙari kawai a bayan Hiroshima.

Abinci fa, ka kula a duka biyun. Okonomiyaki na Hiroshima da champon na Nagasaki galibi da naman alade ake yin su, sai ka tambaya kafin ka ci.

Idan yini ɗaya gare ka, ka je Hiroshima, ka isa da wuri kafin ɗalibai su cika gidan tarihin, kuma kada ka matsa wa kanka haɗawa da tsibirin Miyajima a rana guda. Idan ka samu kwana uku, ka yi Hiroshima ka zarce Nagasaki, domin jirgin da zai kai ka Hakata ta Hiroshima yake bi.